Baƙin Tabarau a Shingen Sheme

Idon Baba na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman ne aka cire wa yana, shi ke nan abin da ya rage masa. Da za a sallame mu daga asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce akwai wani haske a cikin rana wanda ido ba ya gani amma yana cin ido, musamman sabon aiki. Ta ce baƙin gilashi ba shi ne kariya ba, in nemi tabarau mai tambarin UV400, kuma kada in bari ya cire a tsakar rana.

Na karaɗe kasuwar Ƙanƙara ina jujjuya tabarau kamar mai zaɓen kankana. Ɗaya tal na samu mai tambarin, ƙato, baƙi wuluk, mai rufe har gefen ido. Raina bai so shi ba. A yankinmu kowa ya san 'yan bindiga ne masu sa irin wannan a kan babur, da rawani ya rufe baki. Baba kuwa ko kasuwa ba ya zuwa ba rawani.

Na goya shi a babur muka kama hanyar Ruwan Godiya, rana ta take. Muna wuce Sheme muka tarar da itace a gicciye, 'yan sa-kai na tsaye a bayansa. Wani dogo a cikinsu ya ɗaga bindiga tun kafin in kashe babur.

"Kai, na baya! Hidda wanga tabarau mu ga idonka!"

Na ce, "Aiki anka yi mai, likita ta hana."

"Kowa haka shika cewa. Shi hidda!"

Zuciya ta ɗebe ni. Na fara ɗaga murya ina cewa ko makaho ya ga tsoho ne, sai na ji sauran sun gyara tsayuwa. Tsoro na ji, ga kuma haushin kaina da na ƙara wa wutar fetur.

Baba ya matse mini kafaɗa, ya sauka a hankali.

"Yaro," ya ce da dogon, "ido guda gare ni. Matso nan ka tsaya tsakanina da rana, sai in buɗe ma."

Dogon ya tako da bindigar a gaba, har inuwarsa ta rufe fuskar Baba. Baba ya sauke rawanin, ya ɗaga tabaran zuwa goshi. Idon ja ne jawur, yana ta ruwa. Suka kalli juna.

"Maida, Baba, maida," in ji dogon, muryarsa ta sauka. "Allah shi ba ka lahiya." Da kansa ya ja itacen.

Da muka isa gida muka shiga ɗaki, Inna ta saki labule, ta tambaye shi ko ya fara gani sosai.

Ya ce, "Na gani. Bakin bindiga na hwara gani tangaran, sai hannun da ke riƙe da ita, shina ta rawa." Ya laluba tabaran ya ajiye kusa da matashinsa. "Yaron ko gemu bai yi ba."