Malam Iro tela ya tafi da ƙafafunsa

Da safen nan labari ya iske ni. Malam Iro tela ya rasu.

Asabe, 'yarsa, ce ta kira. Ko salati ban gama ba na jefa mata tambaya: "Faɗuwa ya yi?" Ta ce, "A'a, Baba. A zaune yake." Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har masu shan shayi a bakin layinmu suka juyo suna kallona kamar na zautu.

Bari in faɗa muku dalili, kafin gulmar unguwarmu New Bell ta riga ni.

Iro yana da yaya, marigayi Sale. Santsi ya kwashe shi a banɗaki, ƙugu ya karye, bai ƙara tashi ba har ya koma ga Allah. Kun san damina a Douala. Ruwa ya shigo ɗaki, mata su kama tabarma su ɗora dattijo a kan tebur kamar buhun gari. Iro ya ga wannan da idonsa. Tun daga nan addu'arsa ɗaya ce: kada Allah ya nuna masa ranar da Asabe za ta ɗauke shi zuwa bayi.

Shi ya fara gano ciwonsa, kuma a wajen aiki ya gano. Babbar rigarsa ta Juma'a ta fara jan ƙasa. Ya rage ta, bayan wani lokaci ta sake ja. Ya same ni ya ce, "Akawu, shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa ganin riga ta ƙara tsawo da kanta ba. Ni ne nake raguwa."

Akawu yake ce mini, don tsokana. Na yi boko har ana nuna ni da yatsa, na yi aikin fiton kaya a tashar jirgin ruwa, aka sallame mu kamar an zubar da ruwan wanki. Faransancin da na kashe ƙuruciyata a kansa bai tsinana mini komai ba sai raka marasa lafiya asibiti. To, na raka shi.

Aka yi hoto. Wata likita ta duba ta ce ƙasusuwansa sun zaizaye, ga tsufa, ga maganin asma da ya daɗe yana sha. Ta rubuta masa ƙwaya ɗaya a mako, da safe, kafin ya sa komai a ciki. Ta yi bayani da sauri, layi ya yi tsawo, muka fito.

Bayan mako biyu Iro ya ce ya bar maganin. Wai ƙirjinsa kamar an zuba barkono. Na ce yaya kake sha? Ya ce yana tashi da asuba ya jefa ƙwayar da ɗan guntun ruwa, ya yi alwala, ya tafi masallaci.

Muka koma. Likitar ta riƙe kai. Ta ce cikakken kofi na ruwa zalla, ban da shayi, ban da koko, ban da madara. Sannan rabin awa a miƙe, a zaune ko a tsaye, ba kwanciya, ba sunkuyo, don in ƙwayar ta dawo maƙogwaro tana ƙona shi.

Na fassara. Iro ya ce, "Tambaye ta, sujada fa?"

Baiwar Allah ba Musulma ba ce, abin bai taɓa zuwa mata a rai ba. Iro ya miƙe a ofishin ya nuna mata ruku'u. Ta ce, "Ah non, Papa, pas ça!", wato a'a Baba, ban da wannan. Muka yi dariya mu uku. A nan aka tsara: salla tukuna, ƙwaya daga baya, sannan a zauna.

Ya zaɓi Laraba, don Litinin da Alhamis yana azumi.

Matsalar ita ce Iro bai iya zama ba. Minti biyar, ka gan shi ya duƙa yana neman allura a ƙarƙashin keken ɗinki. Sai ya ɗora mini aiki. Duk Laraba in an fito sallar asuba mu zauna a bencin ƙofar shagonsa, ya haɗiye, ya shanye kofinsa, ya ce, "To Akawu, bismilla. Fara zagin duniya."

Ni kuwa abin nema ya samu. In fara da tsadar shinkafa, in bi ta kan rikicin da ya tsare hanyar Bamenda ya kashe masa rabin masu kawo ɗinki, in sauka kan yaran da muka koya wa aiki da yanzu ba sa amsa gaisuwa. Yana zaune ƙyam, carbi a hannu. In lokaci ya cika ya ɗaga yatsa: "Ya isa. Sauran na mako mai zuwa. Asabe, kawo shayi!"

Ya ce ni ne agogon da ba ya cin batir.

A garin nan mutane kan tsallaka titi in sun hango ni, don sun gaji da bakina. Shi kaɗai ya samo wa bakin amfani.

Mun yi faɗa sau ɗaya. Maganin ya yanke a farmasi, wani ya kawo masa irinsa daga masu shanya magani a rana a kasuwar Marché Central. Na ƙwace na ce sai dai mu zagaya har Bonabéri mu nemo na gaskiya. Ya ce mini kafirin boko. Muka hau mota tare muna fushi da juna, muka samo. Da haƙori ya dame shi ma haka aka yi, ya so ya je wajen mai cirewa a kasuwa, na ja shi wajen likitan haƙori, muka faɗa masa maganin da yake sha kafin a taɓa komai.

Daminar bara ɗan benskin, wato mai babur ɗin haya, ya goge shi ya zube a gefen kwata. Da aka gaya mini ban tsaya komai ba. Na je na tarar da shi zaune yana wa yaron faɗa, gwiwa a kuje, ba karaya. Ba zan ce ƙwaya ce kaɗai ba, Allah ne mai tsarewa. Amma Iro ya ɗaure raƙuminsa.

Larabar da ta wuce ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe. Ina tsakiyar surutu ya katse ni, abin da bai saba ba. Ya kama bakin rigarsa ya ce, "Ka lura ban sake rage ta ba?" Na ce na lura. Ya ce, "To ci gaba, saura kaɗan."

Yau ya je masallaci da ƙafarsa, ya dawo da ƙafarsa, ya zauna a kujerarsa. Asabe ta kawo shayi ta tarar rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce.

Da na isa gidan tana kuka, ta ce, "Baba, wallahi ko sau ɗaya ban taɓa ɗaga shi ba." Na ce na sani, 'yata. Anjima bayan azahar za mu ɗauke shi a makara, kuma shi ne ɗauka na farko.

Masu tsofaffi a gida da ke shan irin wannan magani, ku zauna da su rabin awar nan. Ba ta da yawa.

Allah ka jiƙan Malam Iro, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba Asabe haƙuri. Kamar yadda ka amsa masa wadda ya roƙa a nan, ka amsa masa ta can. Duk wanda ya karanta, kada ya tsaya a danna hoton hawaye ya wuce. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a da bakinsa, ko ƙulhuwallahu ce ƙafa uku.