Ranar da Na Ɗebo Ɗalibaina Daga Gonar Makaranta

Har yau in na ji an ce sufeto zai zo makaranta, wata Alhamis ce take faɗo mini a rai, kuma ban ga alamar zan manta da ita ba. Ku malaman yanzu kun san ni da furfura da sanda, kuna ce mini Mama Rifkatu. A lokacin kuwa shekaruna ashirin da bakwai, bakina bai da linzami, kuma ni kaɗai ce malamar Faransanci a wata sakandaren maza a nan Gombe. Ba a daɗe da mayar da mu ƙarƙashin Bauchi ba. Kuɗin man fetur ya shigo, kowa so yake ɗansa ya zama injiniya ko ɗan kwangila. Faransanci kam, ko a ɗakin malamai abin tsokana ne. In na taso daga Tudun Wada na jingine kekena, sai ka ji wani ya ce, "To, Madam Bonjur ta iso."

Ranar Litinin shugaban makaranta, Alhaji Umaru, ya kira ni ofis. Ya ce takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi, sufeto zai zo ranar Alhamis ya kalli darasina a aji huɗu. In rahotonsa ya yi kyau, Faransanci ya ci gaba. In bai yi ba, a cire shi daga jadawali a ƙara wa lissafi lokaci. Yara talatin da suka shekara huɗu suna fama da shi ba za su rubuta shi a jarrabawar fita ba, wahalarsu ta tashi a banza ke nan.

Bari in gaya muku yadda ake tarbar sufeto a wancan zamani. Malami zai ɗauko tsohon darasi, ya yi ta maimaita shi da yara kwana biyu har su haddace. Ranar da baƙo ya zo, in malami ya yi tambaya kowa zai ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, malami kuma ba ya kiran na hagu. Waɗanda ake ganin za su kwafsa ko ta yaya, sai a ba su fartanya tun da safe a tura su gonar makaranta. Babu inda aka rubuta wannan, amma har mai gadi ya san da shi.

Alhaji Umaru ya ce, "Ki koma musu kan gaisuwa da sunayen kayan kasuwa."

Na ce, "Yallaɓai, ai wannan darasin aji ɗaya ne. A littafin shirin darasina, wanda kai ka sa wa hannu, ranar Alhamis *futur antérieur* zan fara."

"Mene ne kuma wannan?"

"Yadda Faransawa ke faɗin aikin da za a riga a gama kafin wani lokaci ya zo. Kamar ka ce, kafin damina ta faɗi mun gama sharar gona."

"Sun taɓa yinsa?"

"A'a."

"To kin ji! Sabon abu a gaban baƙo? Malama Rifkatu, ba na son taurin kai."

Na ce, "Na ji, yallaɓai." Jin kam na ji, amma ban ce zan yi ba.

Ranar Alhamis na shiga aji saura minti ashirin darasi ya fara, na tarar kujeru tara babu kowa. Monita ya sunkuyar da kai ya ce mataimakin shugaba ya tura su cire ciyawa a gonar gyaɗa. Wallahi raina ya ɓaci. Na tattare zanina na zuwa coci da na ɗauro saboda baƙo, na bi ta bayan kicin har gona. An yi ruwa da asuba, takalmina sai nutsewa yake.

Na same su a sunkuye. Babbansu Buba ne, Bafulatani daga wajen Akko, ya girmi kowa a ajin, ga shi da in'ina, shi ya sa malamai suka daina kiransa. Na ce, "Me kuke yi a nan lokacin darasina?"

Sai da ya yi ta fama kafin maganar ta fito. Ya ce, "Madam, an ce mu ne za mu ɓata miki."

Wannan magana ta soke ni. Na ce, "Ku ajiye fartanyun nan. Wanda zai ɓata mini bai zo duniya ba tukuna. Ku wuce mu je!"

A baranda mataimakin shugaba ya tare mu, ya ce umarnin Alhaji ne. Na ce, "Sunayensu na cikin rajistata. Wanda yake so ya fitar da su, ya zo ya fitar da su a gaban sufeto." Daidai nan motar ma'aikata ta shigo ƙofa, dole ya kauce.

Sufeton wani gajeren dattijo ne mai tabarau, Malam Sa'idu. Ya shigo tare da Alhaji Umaru, ya dubi sawun taɓo daga bakin ƙofa har kujerun baya, ya zauna. Ni kuma na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Yau babu hagu, babu dama. Wanda ya sani ya ɗaga hannu. Wanda bai sani ba ya ajiye abinsa, shi ma zan kira shi." Ban kalli fuskar Alhaji ba, amma na ji kujerarsa ta yi ƙara.

Na rubuta fi'ilai biyu, *avoir* da *être*, a allo yadda suke in ana maganar gaba, *j'aurai, tu auras, il aura*, na nuna musu yadda ake liƙa musu aikin da aka gama: *j'aurai mangé*, wato kafin nan na ci abinci. Na ce fi'ilan tafiya da zuwa *être* suke ɗauka, *je serai parti*, wato kafin nan na tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, darasin bai yi santsi ba. Wanda yake na ɗaya a aji ma cewa ya yi *j'aurai allé* maimakon *je serai allé*, na gyara, na kusa da shi ya maimaita kuskuren. Alli ya karye mini sau biyu, gumi ya jiƙa mini riga. Bayan rabin awa da ƙyar rabin ajin suka kama. Na ce kowa ya shirya jimla tasa ta kansa.

Sai sufeto ya miƙe ya nuna baya. "Kai mai taɓo a ƙafa, tashi."

Buba ne. Ya tashi, ya maƙale a kalmar farko, wasu suka fara dariya. Na buga tebur na ce, "Duk wanda ya sake dariya zai gane kurensa. Buba, muna jiranka, babu inda za mu." Muka jira. Ya runtse ido, ya riƙe bakin tebur, ya fito da ita guntu-guntu: "*Quand l'inspecteur reviendra, nous aurons fini le livre.*" Wato, kafin sufeto ya dawo mun gama littafin.

Babu kuskure ko ɗaya. Sai dai littafin babi ashirin da huɗu ne, mu kuwa muna na sha ɗaya.

Malam Sa'idu ya cire tabarau ya ce, "Malama, kin ji abin da ɗalibinki ya ɗauko miki?"

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Kuma mun ɗauka."

A ofis Alhaji ya fara ba da haƙuri, yana cewa yarinya ce, ba ta san aiki ba. Sufeto ya katse shi. "Alhaji, na san hannun hagu. Ni ma na yi malanta." Sannan ya juyo kaina ya ce rabin ajin ba su gane ba, kuma haka zai rubuta. Amma zai bar Faransanci har ya dawo kafin a aika sunayen masu jarrabawa. In mun gama littafin, a sa yaran duka. In ba mu gama ba, shi da hannunsa zai soke darasin.

Washegari na sami takardar tuhuma kan ƙin bin umarni. Amsata layi biyu ce: na koyar da darasin da ke cikin shirina, ga ɗaliban da ke cikin rajistata. Wannan ya jawo mini jinkirin ƙarin girma shekara biyu, kuma ko yau aka maimaita haka zan sake rubutawa.

Daga nan kowace Asabar muna ƙarƙashin darbejiya da allo a jingine. Taran nan da na ɗebo daga gona su ke riga kowa zuwa. Da Malam Sa'idu ya dawo, bai ko zauna ba Buba ya tashi, ya taka har gabansa, ya ajiye littafin da ya yi laushi saboda buɗewa. In'inar tana nan, amma ya ce, "*Nous avons fini.*" Mun gama. Sufeto ya buɗe babin ƙarshe ya yi musu tambayoyi kusan awa guda, sannan ya sa hannu a kan sunaye talatin. Ba duka suka ci ba. Buba ya ci, da ƙyar, amma ya ci.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, 'ya'yana, shi ne sufeto awa ɗaya yake yi ya shiga motarsa, amma yaron da ka tura gona don kada ya kunyata ka ya riga ya ji abin da kake nufi da shi, kuma ba zai manta ba. Shekara talatin da ɗaya na ƙara a aji bayan wannan, sufetoci sun zo sun tafi, wasu sun yabe ni wasu sun caccake ni. Amma ba a sake ba wa ɗalibina fartanya lokacin darasina ba.