Turaren Inna a Cikin Kilim

Shekarun baya, da ciwon zuciya ya kwantar da mahaifina, likita ya ja ni gefe ya ce, "Magani kam mun ba shi, amma zafi ne babban abokin gabansa. In kuna so ya ga damina, ku nema masa sanyi." A tsakiyar bazara muke, kuma duk wanda ya san Anjamena a wannan lokaci ya san ko ruwan randa ɗumi yake yi.

Gidanmu na unguwar Ambasatna tsohon gini ne. Kakan Baba ne ya gina shi da ya yada zango a hanyarsa ta Makka, kuma Baba ya rantse ba mai huda masa bango saboda wani inji. Sai abokina, mai gyaran firji a unguwar Mursal, ya ce mu sayi ƙaramin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai taya, irin wanda ake ajiyewa kusa da gado ya sanyaya wurin mutum ɗaya. Shi ya zo ya kafa shi. Ya fitar da tiyon iska mai zafi ta taga, ya toshe gefen da katako, ya ajiye roba a ƙasa saboda ruwan da ke ɗiga. Ya ce mini, "Abu biyu kawai. Kada a manna shi da bango, kuma ragar nan ta baya ka riƙa wanke ta duk sati." Na ce to, to. Ina can ina kallon Baba yana lumshe ido cikin sanyi, maganar ta bi ta bayan kunnena.

Wata guda muka yi lafiya lau. Baba ya koma cin tuwo, har tsokanar Inna yake yi.

Sai wata ranar Juma'a, na dawo daga masallaci na tarar injin yana ta gurnani, iskar da yake hurawa kuwa ba ta kai ta mafici ba. Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, numfashinsa sama-sama, Inna tana ta yi masa fifita. Wallahi na tsorata. Ni kuma Allah Ya yi ni, in na tsorata faɗa nake yi. Na kira abokina na wanke shi tas. "Ruɓaɓɓen kaya ka haɗa ni da shi! In wani abu ya sami Baba, ni da kai ne har gaban Allah!" Bai ce komai ba sai, "Kalas, ya isa, ga ni nan." Cikin wannan rana ya hau babur ya zo.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya juya injin, ya zaro ragar. Baƙa ƙirin, tana danƙo kamar gindin tukunya. Ya kai ta hanci, sannan ya miƙo mini. "Shinshina ka ji. Wannan ba ƙura ba ce." Ƙamshin turaren wuta ne ya doki hancina.

Inna ta sauke mafici. "Ni ce," in ji ta. Ashe kullum da na fita kasuwa, sai ta ajiye kasko a bayan injin, don ta lura ta nan yake shan iska. "Ɗakin ya fara warin magani da jinya. Rannan aminansa sun zo gaishe shi, na ga yana ta sunkuyar da kai. Mutumin da ko ƙofar gida bai taɓa fita ba turare ba, a ce yau ɗakinsa ne ke wari? Ina raye?"

Baba, da ƙyar yake magana, amma sai da ya ce, "Ku bar mini ita. Injin ne ba shi da haƙuri."

Abokina ya dube ni. "Kai kuma sau nawa ka wanke ragar?" Na tsaya ina sosa ƙeya, ni da na gama zuba ruwan bala'i. Ya wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ya shanya a inuwa, ya mayar. Sanyi ya dawo, muna zaune har numfashin Baba ya daidaita. Sannan ya ce, "Inna, turare kam kada ki fasa. Ki kashe injin, ki turara ɗakin, hayaƙi ya lafa, sai ki kunna." Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana." A zaure na ba shi haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce da mahaifinsa ne, da ya fi ni hauka.

Baba ya ga damina, har biyu ma, kafin Allah Ya karɓi abinSa. Inna ta bi shi ba da jimawa ba.

Tun daga ranar na koyi yin tambaya kafin in ɗaga murya, ko da yake matata za ta ce har yanzu karatun bai zauna ba. Kilim ɗin yana ɗakina a unguwar Gudji, duk Juma'a nake wanke ragar. Ta tsufa, gefenta ya yage, abokina ya kawo mini sabuwa tun bara, tana nan cikin ledarta. Duk wankin nan ƙamshin bai fita ba. In na kunna shi, iskar farko da ke fitowa ta ɗakin Baba ce, sai kewarsu ta taso mini. Matata ta san a wannan lokacin ba a yi mini magana.