Abin da Yaya Ya Ɓoye a Rumbu

Bayan na gama takaba sai na dawo gidanmu, a wani ƙauye da ke kan hanyar Mai'adua. Lokacin kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, samari suna ta sayen babura da rediyo. Mu uku ne a gidan: ni da Inna da yayana, wanda aka sallama daga soja 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Ya dawo da lafiyarsa a ido. Yana noma, yana salla, ba ya faɗa da kowa. Magana ce kawai ta ragu masa.

Wata rana na shiga rumbu ɗebo gero, sai hannuna ya taɓa ƙarfe a ƙarƙashin dammuna. Na jawo, na ga bindiga ce naɗe cikin tsohon bargo. Na saba ganin irin ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi. Wannan ta soja ce, tana ƙanshin mai, ga harsasai a cikin safa. Na mayar yadda na same ta, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua take ci, kuma hanyar ta ƙofar gidanmu ta bi. Tun da hantsi mutane suke wucewa, masu jakuna, masu koro awaki, Fulani mata da ƙoren nono. Ran nan ina shanya a tsakar gida na hangi Yaya a kan soron zaure, kwance rub da ciki a bayan rawanin ginin, inda na kan hanya ba zai gan shi ba. Bindigar tana kafaɗarsa. Bakinta yana bin mutum a hankali har ya wuce, sannan ya dawo ya ɗauki na bayansa.

Na je gindin tsani na ce, "Yaya, me kake yi?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Ba komai, ƙanwata. Kallo nake. Je ki yi aikinki."

Muryarsa lafiya lau, irin wadda yake neman ruwan alwala da ita. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Na gaya wa Inna. Ta ajiye faifan da ke hannunta. A lokacin duk wanda aka kama da bindigar soja, da ɗan fashi ake haɗa shi, kuma kowa ya san ƙarshen 'yan fashi. Ta ce, "Ba zan kai ɗana da hannuna ba. Kira min kawunki."

Kawu maƙeri ne, ƙanen Inna, shi yake gyara wa maharba bindigoginsu. Ya zo ranar Talata bayan Yaya ya tafi gona. Ya kwance ta a kan tabarma, ya zaro wani ɗan ƙarfe siriri kamar basilla, ya ce shi ne yake bugun harsashi ya tashi. Ya goge tsininsa da magagari, ya harhaɗa komai, ya naɗe a bargon. Ya ce da Inna, "In kun ɗauke ta zai nemo wata. Ku bar masa wannan."

Lahadi biyu suka wuce, Yaya yana hawa yana saukowa. Ta uku ina daka a gindin katanga, rana ta take, na tsaya in huta. A cikin wannan ɗan shirun na ji ƙas, daga saman soro. Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya kara. Sai na ji ya ja wani abu, harsashi ya faɗo a kan soron ya gangara. Na sake jin ƙas. Ta bayan katanga kuwa ina jin wata mai nono tana yi wa 'yar'uwarta dariya, wani yana tsawata wa jakinsa, babur ya wuce. Sau biyar na ji ƙarar nan, taɓarya tana hannuna, na kasa ajiye ta.

Can ya sauko, ya jingine bindigar a bango a fili, abin da bai taɓa yi ba. Ya wanke hannu, ya zauna a inuwa, ya ce in dama masa fura. Na dama na kawo masa. Ya shanye tas. Sannan ya dube ni ya ce, "Kawu ya zo gidan nan?"

Na ce, "Ya zo gaida Inna."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Hannunsa na da kyau."

Bayan la'asar ya naɗe ta a bargo ya kai wa maigari da kansa. Maigari dattijo ne mai rufin asiri. Ya aika da ita Daura, aka ce tsintar ta aka yi a daji. Daga baya Yaya ya sami aikin gadi a kamfanin da ke zuba kwalta, da sanda da usur kawai. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, ya rasu da furfura.

Tun a wancan lokacin na tambayi Kawu ko soja zai iya gane an taɓa masa bindiga kafin ya harba. Ya ce wanda yake kwance ta yana shafa mata mai zai gani, in ya duba. Na ce, "To Yaya ya duba?" Kawu ya ce bai sani ba, ya ci gaba da zuga wutarsa. Shi Yaya ban taɓa tambayarsa ba, ko da muka tsufa muna zama a tabarma ɗaya muna hirar jikoki.