Motar da Muka Ƙara wa Gudu

A kan amalanke kwamfutar ta shigo gidanmu, a shekarar da buron da nake buga wa takardu a Birnin Konni ya rufe, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Masu aikin sun tattara nasu ya nasu, suka raba mana abin da mota ba za ta ɗauka ba. Wani ya samu kujera, wani fanka, ni kuwa aka bar mini tsohuwar na'urar da nake aiki da ita. Ordinatar muke ce mata a lokacin. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To wanga abu mi a ka dahwawa da shi?"

Yayana yana kwance a ɗakin da ke kusa da zaure, shekara ta kusa zagayowa. Ɗan kabu-kabu ne, kuma kaf tasharsu babu wanda ya kai shi gudu. A hanyar Malbaza saniya ta yanko masa titi, ya kauce mata, ya faɗi a kan wuyansa. Ƙafafu suka tafi gaba ɗaya. Hannuwa sun tsira, amma yatsun sun lanƙwashe, ludayi ma da ƙyar yake kai shi baki. Likita ya ba shi ƙwallon roba, ya ce ya riƙa matsawa kullum, hannun zai iya dawowa muddin bai daina motsa shi ba. Yaya kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne zai sake hawa moto, wato babur ɗinsa. Abokansa sun gyara masa moton, yana jingine a ɗakin, lulluɓe da tsohon zanen Inna. Dillalai sun yi zaryar neman saye har sun gaji. Mu duka mun san ba zai sake hawa ba, kuma mu duka mun san ranar da shi ma ya yarda da haka, ranar zai ajiye ƙwallon nan.

A cikin kwamfutar akwai wasan tseren mota da ɗan maigidanmu na buro ya bari. Na jawo tebur kusa da gadonsa, na tokare masa baya da matasai, na nuna masa maɓallan hagu da dama. Da gaɓar yatsa yake dannawa. Na'urar tsohuwa ce, nauyi gare ta kamar amalanken da ya kawo ta. Motar tana tafiya tana tsayawa, hoton yana tsinkewa, kwana kuwa tun daga nesa za ka gan ta tana tahowa a hankali. Cikin 'yan makonni Yaya ya fara cinye tseren. Bayan la'asar abokansa sai su jera motocinsu a ƙofar gida, su cika ɗakin da ihu da warin fetur. Ya koma cin tuwo har yana neman ƙari. Inna ta daina kukan da take yi a madafa tana cewa hayaƙi ne.

Sai dai Yaya ya raina tafiyar. "Wagga ba mota ta ba, jaki na," in ji shi. "Da tana gudu da kun ga aiki." Kullum sai ya faɗa, kuma ni yake kallo, don ni ce 'yar boko.

Na yi abin da na sani. Na goge tsofaffin wasiƙun buro da ke cikinta. Na buɗe akwatin na hure ƙura da famfon taya. Na yi faɗa da Inna a kan ƙyallen leshin da take lulluɓe ta da shi kamar kayan ɗakin amarya, na ce zafi yake tara mata. Na kafa mata fanka, mu muna zufa ita tana shan iska. Ta ɗan motsa, amma ba abin a zo a gani ba.

'Yan kabu-kabun nan kuwa, Allah Ya shirye su, komai a duniya moto ne a wurinsu. Wani ya tambaye ni inda ake zuba mata mai, wani ya ce a duba fulogi. Babbansu, wani dattijo da ya koya wa Yaya tuƙi, shi ya yanke magana. "Inji na ya gaji, ƙanwata," ya ce da ni. "Akwai wani Sakkwato da ka canza musu inji. Mu kai ta." Raina bai so ba, amma tsoron hanya da 'yan duwan, wato kwastan na kan iyaka, kawai nake yi, ban hango komai ba. Suka naɗe ta da bargo, suka ɗaure ta da roba a bayan moto kamar buhun albasa. Da ta dawo na tambayi tsohon abin da aka cire. Dattijon ya yi dariya. "Wa ka maido tsohon inji gida? Mai gyara a ka bar ma."

Ranar da za a gwada, ɗakin ya cika har tsakar gida. An ɗora shayi. Inna ma ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu. Yaya ya sa an yi masa aski, ya sa rigarsa ta zuwa tasha. Na kunna, kafin in gyara zama har wasan ya fito. Motar ta zabura, itatuwa suna wucewa fuu, ɗaki ya ɗauki sowa. A kwanar farko ta daki bango.

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Wani ya ce, "Ba ka saba ba, sake!" Ya sake, ta daki bangon nan. Ni ina tsaye a bayansa, hannunsa nake kallo. Idonsa yana ganin kwanar a kan lokaci, kafaɗarsa tana karkata kamar yana kan moto, amma kafin yatsan ya kai ga maɓalli an riga an wuce wurin. Ashe duk watannin nan na'urar jiransa take yi. Ya yi ta sakewa, zufa tana zubo masa, dariyar tana raguwa har ta ƙare.

Sai wani abokinsa na ƙut da ƙut, wanda bai taɓa cin tseren ba ko sau ɗaya, ya ce, "Mai gyaran ga ya ɓata ta. Kawo in gwada muku, ba mai iya ta." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya sa yatsu biyu, ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, ya sha ta uku. Sannan ya ankara da shirun da ɗakin ya yi, ya karkatar da motar da gangan ya kai ta bango. Ko makaho ya san da gangan ne. Har yau in na tuna wannan alheri nasa sai in ji haushi.

"Kashe ta," in ji Yaya.

Na bi dattijon zuwa Sakkwato neman tsohon injin. Mai gyara ya riga ya farke shi ya sa a wasu. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce kowa gudu yake zuwa nema, ni ce ta farko da ta zo neman nawa. Da na gaya masa dalili sai jikinsa ya yi sanyi, ya nuna mini wani wuri da ake shiga tun ana kunnawa, a kashe wani abu, na'ura ta koma rarrafe. Na dawo gida da murnata. Na yi yadda ya ce, na jawo teburin, na tokare wa Yaya baya. Motar ta fito tana jan jiki kamar da, kwanar tana tahowa a hankali.

Ya daɗe yana kallo, bai ɗaga hannu ba.

"Kin sa ta jira ni," ya ce.

Na ce gyara ne kawai, wancan gudun ne ya yi yawa.

"Saniyar ta jira ni?" Ya juya fuskarsa wajen zanen Inna da ke lulluɓe da moton. "Ki hwaɗa ma dillali shi zo shi ɗauka."

Dattijon ne ya tura moton waje da kansa, bai tayar da shi ba sai da ya sha kwanar layinmu. Da na zo shara na tarar da ƙwallon robar a ƙarƙashin gado. Na goge ta da bakin zanena, na sa masa a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai. Ina sakin hannun ta gangaro ƙasa. Kafin damina yatsun sun dunƙule gaba ɗaya, kuma daga nan har ƙarshen kwanansa Inna ce take ba shi tuwo a baki.