Kunnen Motar Marigayi

Motar nan ta girmi jikokina duka. Marigayi maigidana ne ya saye ta ta hannu, yana jigilar 'yan kasuwa daga Daura zuwa Baure. Ban taɓa riƙe sitiyarinta ba, amma bangon ɗakina shi ya raba ni da inda take kwana, kusa da buhunan gero. Kowace safiya ina jin tashinta. Na san muryarta da lafiya, na san ta da ciwo.

Da ya rasu, ɗana na fari ya gaje ta. Mu a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Haka na tarar, haka na riƙe. In ina da magana, matarsa nake ba wa ta kai.

Wata damina na fara jin wani abu. In ya taka totur, sai wata 'yar ƙara ta fito can ciki, kamar tsakuwa a gwangwani. Motar ta yi nauyi, tana shan mai. Sau biyu ya sauya fulogi, har na ji yana zancen sayarwa. Na kira matar.

“Ke, ki gaya wa mijinki ba fulogi ba ne. Ƙwanƙwasa take yi a ciki. Ya kai ta inda ake dubawa da kwamfuta.”

“To, Inna,” in ji ta.

Da la'asar ya dawo yana dariya tun daga zaure. Ina tankaɗe, na kasa kunne. Wai bakaniken ya gano wani ɗan ƙarfe da suke kira sensa, a jikin injin. Aikinsa sauraro: in inji ya fara ƙwanƙwasa, ya shaida wa ƙwaƙwalwar motar ta gyara. Ɓera ya ci wayarsa, sensan kansa ya tsage, motar ta kurumce. An sa sabo.

“Bakanike ya ce wanda ya ji ƙarar nan kunnensa ya fi kwamfutarsa,” ya ce wa matarsa. “Ashe injiniya na aura ban sani ba!”

Sai ya miƙa mata turmin atamfa.

Na jira ta ce Inna ce. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce, “Kai dai, ban da zolaya.” Shi ke nan fa. Shekara da shekaru ina sauraron motar nan ta bango, yarinyar da ba ta bambanta tashinta da na injin niƙa ta karɓe yabon. Ba atamfar ce ta dame ni ba, akwatina cike yake. Yadda ya dube ta ne. Ran Juma'a ya ɗauke ta a gaban mota zuwa Kongolam, kujerar da marigayi bai taɓa ba wa wata mace ba sai ni.

Bayan sati uku ƙarar ta dawo. Ya tayar da motar, ya kira matarsa.

“Injiniya, zo ki saurara mana.”

Ta fita ta tsaya, ta tsaya. Ta ce ita lafiya lau take ji.

Kwana uku na yi shiru, Allah ya yafe mini, ina jin daɗin shirun. A na huɗu na ji tsakuwar ta ƙara girma, motar marigayi ce kuma. Yana tsakar gida yana alwala. Na juya masa baya, na fuskanci akuyata, na ce da ƙarfi, “Wanda ya sa wa motar nan kunne bai ɗaure shi daidai ba. Ƙarar da na ji da damina ce ta dawo.”

Butar ta tsaya a hannunsa. Ya koma gareji, aka tarar ƙusar da ke riƙe da sabon sensan ta saki.

Washegari na ga goro a bakin ƙofata, da tsohon sensan a kai, baƙi ƙirin. Tun daga ranar, in ya tayar da mota sai ya taka totur sau biyu ya jira. In na yi gyaran murya, ya kashe ya buɗe bonet. In na yi shiru, ya tafi.

Atamfar kuwa ta ɗinka. Tana yi mata kyau, ni dai ban taɓa faɗa ba.