Kashin Dokin da Na Hana

Da dokin da Baba ya bar mini ya fara ramewa, na ce bakin mutane ne. Na ɗaura masa laya, ina ta ba shi jar kanwa. Wata likitar dabbobi daga unguwar Kongo ta ce tsutsar ciki ce, ta nemi ɗan kashinsa, don a gwada ƙwayoyin halittar tsutsar cikinsa a gane irinta. Na fatattake ta. Wa zai ba baƙuwa kashin dokinsa a je a yi masa sammu? Sai da ya kasa tashi na kai mata da kaina. Sakamako ya fito bayan ya mutu. Ashe maganin tsutsar yana nan a shagon bakin layinmu a Tudun Wada. Har yau na kasa tuge turkensa.